HAWAN DUTSE DA BAZARA

Maganarmu ta yau da kai mu ke, mai hawan dutse da bazara, ko farauta ta kai ka, ko itace, ko kiwo.

A ƙasar Funtua da Malumfashi, daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, zafi ya kan kusa digiri 40. A kan dutse kuwa abin ya fi haka, don falalen dutse ya sha rana tun hantsi, yana mayar maka da ita ta ƙasa. Ga shi babu inuwa, babu rijiya.

Jikinka da gumi ya ke sanyaya kansa. Mai hawa cikin rana ya kan zubar da gumi kamar lita 1 a awa guda, gumin nan kuwa ruwa ne da gishiri. In ba ka mayar ba, sai ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, fitsari ya ragu ya yi ja. To, wannan gargaɗi ne. Nemi inuwa, ka kwanta, ka ɗaga ƙafafu. Ka sha ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Hawa kuma ya ƙare ranar nan.

Amma akwai wanda ya fi wannan, shi ne bugun rana. Mutum yana tafe sai ya fara tangaɗi, yana sambatu, bai san abokan tafiyarsa ba, jiki zafi rau, wani da gumi wani babu. Wani ma ya faɗi yana fizge-fizge. Nan ne mu kan yi hasarar rai, don da an ga haka a kan dutse sai a ce iska ce ta taɓa shi, a kewaye shi, a tafi neman turare. Zafi ne ya kai ga ƙwaƙwalwa, kuma ba ya jiran kowa.

Kada ka ce sai an sauko. Ja shi inuwa nan take, ka tuɓe masa riga, ka kwarara masa ruwa tun daga kai, ka yi ta fifita da malfa. Ka sa jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hankalinsa kada a ɗura masa ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Ƙwayar zazzaɓi ba ta saukar da irin wannan zafi. Ana sanyayawa ana neman abin hawa zuwa babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. Ko ya farfaɗo a hanya a kai shi, don lokacin sanƙarau ne, malamin asibiti ya duba.

Kafin ka tashi kuwa, sha ruwa ka ƙoshi, ka cika gora biyu, ɗaya ba ta isa. Ka fita da asuba, ka sauko kafin rana ta take. Kada ka hau kai kaɗai. Tsoho, da mai ciki, da wanda ya kwana da zawo ko zazzaɓi, su bari sai wani jiƙo. In da yara cikin tafiyar, kai za ka riƙa tsai da su su sha, don yaro in wasa ya yi daɗi ba ya cewa ƙishirwa.