BAKKALE: CUTAR DA KE ƁOYE A CIKIN GARKE

A watan Yuli na 2023, da ciwon saifa ya ɓulla a wata gona a Suleja, kusa da Abuja, nan da nan labari ya game ƙasa, domin cuta ce mai kashe dabba farat ɗaya. Amma akwai wata cutar wadda ba ta da irin wannan kwakwazo, ga ta kuwa da ɓarna, watau bakkale, wadda likitoci ke kira burusela.

Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani ke kawo ta. Saniya tana kiwo lafiya lau, sai ciki ya tsufa ta yi ɓari, mabiyiya kuma ta ƙi faɗuwa. Nono ya ragu, haihuwa ta yi wuya. Wani lokaci gwiwa takan kumbura ta tara ruwa. Makiyayi yakan ɗora laifin a kan rani ko muguwar ciyawa, ya kai saniyar kasuwa, alhali kuwa ɗan ɓarin da ruwan haihuwa sun riga sun zuba ƙwayoyin a makiyaya. Ta haka cutar ke shiga garken da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Mutane ma ba su tsira ba. Mai shan madarar da ba a tafasa ba, da mahauci, da wanda ya sa hannu ya jawo ɗan ɓari, duk suna iya ɗauka. Zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi wata da watanni ana shan maganin zazzaɓin sauro a banza.

Duban ido ba ya isa a gane bakkale, ko da likita ne ya duba, sai an auna jini. Akan ɗiga ruwan jinin dabbar a kan farin faranti, a gauraya shi da wani ruwan gwaji mai launin ja-ja. Cikin minti 4, idan ya yi gudaji-gudaji, to akwai alama. Sa'an nan sai a aika da jinin babban ɗakin bincike a tabbatar, domin dabbar da aka yi wa rigakafi ma takan nuna wannan alama. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan aiki, ita ce kuma ke haɗa allurar rigakafin da ake yi wa 'yan maruƙa mata. A Abuja kuwa akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Abuja.

Saniyar da ta kamu, allura ba ta raba ta da cutar. Saboda haka ana roƙon jama'a, duk saniyar da ta yi ɓari a ware ta, a binne ɗan da mabiyiyar a rami mai zurfi kada karnuka su ja, a kuma sanar da likitan dabbobi mafi kusa. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha.