*SHAWARAR DA TA ƘI JIN MAGANI: A DUBA GARKUWAR JIKI*



Maigida, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ga kasala. Ka kai uwargida asibiti, an gwada hepatitis B da C, an ce babu. Sai ka ce alhamdulillahi, shawara ce kawai, a koma jiƙo. To, dakata.

Akwai ciwon hanta da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Garkuwar jikin mutum ce, wadda Allah Ya yi don ta kare shi, ke juyowa ta afka wa hantarsa. Ba a ɗaukarsa a wurin kowa, ba a kuma shafa wa kowa. Ya fi kama mata, 'yan mata da manya.

Idan garkuwa ta rikice haka, takan bar shaida a cikin jini, kuma ita likita ke nema. Gwajin ANA da SMA su ne na farko idan hantar kanta ake zargi, a yara kuma akan ƙara da LKM-1. Matar da ƙaiƙayi ya hana barci, babu ƙurji babu komai, ita AMA ake dubawa, domin kusan 9 cikin 10 na masu ciwon ƙananan hanyoyin matsarmama suna da shi.

Amma fa a kula: mai lafiya ƙalau ma ana iya samun ANA a jininsa. Takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Sai likita ya haɗa da sauran gwajin hanta da yawan IgG, wani lokaci har a ciro ɗan tsokar hanta da allura a duba.

Ka fara da asibitin tarayya na Birnin Kudu. In abin ya buƙaci ƙwararren likitan hanta, ka nemi takardar zuwa asibitin Malam Aminu Kano.

Akwai magani, prednisolone da azathioprine, kuma da yawa suna samun sauƙi sosai in an fara da wuri. Idan aka bari, hanta takan ƙanƙance, ciki ya tara ruwa. Kar a saya a kemis, kar kuma a daina sha kwatsam don ido ya washe. Duk wani jiƙo ko habbatus sauda da ake sha, a faɗa wa likita, domin komai ta hanta yake bi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.