Ciwon Damuwar Dattawa Yana Warkewa Ba Sai An Kwanta Asibiti Ba

A gidajenmu, idan dattijo ya rage cin abinci, ya daina fita majalisa, ya koma kwana ido biyu, abin da 'ya'ya suka fi faɗa shi ne, "Ai tsufa ne." Idan tsohuwa ta daina zuwa biki da suna, ta shige ɗaki tana hawaye ba wanda ya taɓa ta, sai a ce ta fara gigin tsufa. Sau da yawa abin da ke cin waɗannan bayin Allah ciwo ne da likitoci suka sani, kuma suke warkarwa, wato ciwon damuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, damuwa da fargaba kuma su ne kan gaba. A Najeriya ma an auna. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi gida-gida a ƙasar Yarbawa, suka tattauna da tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2007 ya nuna kashi 26 cikin 100 sun taɓa kamuwa da matsananciyar damuwa, kashi 7 kuma sun yi fama da ita a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A cikin masu ciwon, waɗanda suka taɓa samun wani magani ba su kai huɗu cikin goma ba.

Abin da ya sa ciwon yake ɓuya shi ne, da wuya tsoho ya ce yana baƙin ciki. Zai ce jikinsa duk ba daɗi, kansa na zafi, wani abu na yi masa yawo a jiki. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, ana ƙara masa ruwa, jiya i yau. Likitan da ya san aikinsa zai tambayi wasu abubuwan: yanke ƙauna, rashin jin daɗin abin da a da yake so, farkawa tun kafin asuba, rama, kasala da yawan ganin laifin kai. Idan waɗannan suka kai mako biyu ba sassauci, ya wuce ɓacin rai na yau da kullum.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai rasuwar abokin zama da ta sa'o'i, da ritaya ba fansho, da 'ya'yan da neman abinci ya watsa su Legas da Abuja. Akwai shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi, raunin ji da gani. Mutumin da a da ba a yanke shawara sai da shi, yau sai dai ya ji an yi. Damuwar kuma tana ƙara wa sauran cututtuka ƙarfi, domin wanda ya fid da rai ba ya kula da shan maganin hawan jininsa.

Babban abin da ke hana iyali neman taimako shi ne tsoron a ce sun kai mahaifinsu gidan mahaukata. To, mafi yawan masu wannan ciwo ba a kwantar da su. Jinyar je-ka-ka-dawo ake yi: a ga likita da safe, a koma gida kafin azahar. Wannan tsari yana da tushe a ƙasar nan. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna zuwa karɓar magani da rana, suna kwana cikin jama'a. Ya gane cewa zama cikin 'yan'uwa wani sashe ne na waraka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci da kula da shi cikin al'umma.

A arewa ana ganin irin waɗannan majinyata a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau, da kuma asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano. A zuwan farko likita zai saurari tsohon da wanda ya rako shi, ya duba duk magungunan da yake sha, ya sa a gwada jini, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo alamomi iri ɗaya. Zai kuma bambanta damuwa da cutar mantuwa. Mai damuwa yakan koka da mantuwarsa, kuma tunaninsa kan dawo idan ya warke.

Idan aka rubuta magani irin su sertraline ko fluoxetine, da kaɗan ake farawa. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga sauyi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan samun sauƙi don kada ciwon ya dawo. A nan ne iyalai da yawa suke karaya, su watsar da ƙwayar bayan kwana goma. Amitriptyline kuwa, duk da arharsa, yakan sa tsofaffi jiri, faɗuwa da riƙewar fitsari, don haka ba abin saye a kemis ba ne babu izinin likita.

Tattaunawa ma magani ce. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin unguwa, suna taimaka wa masu damuwa su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Mu da likitocin ƙwaƙwalwarmu ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, dole gwamnatocin jihohi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon, su fara magance shi kusa da gida.

Sauran aikin na iyali ne. A raka tsoho ranar komawa asibiti, a sa ido kan shan magani, a ci abinci tare da shi, a riƙa neman shawararsa, a taimaka masa zuwa masallaci ko coci. Kada a ce masa ba shi da tawakkali. Mai ciwon suga ma yana addu'a yana shan magani. Idan ya fara cewa ya zame muku kaya, ko gara ya mutu ya huta, ko ya ƙi ci da sha, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Iyayen da suka yi ɗawainiyar ciwonmu muna ƙanana suna da haƙƙin mu ɗauki nasu ciwon da muhimmanci, ko da ba a ganinsa da ido.