Ƙofar hayaƙi ta injin turbo: ana iya ƙera ta da tsohon ƙarfe?

Jama'ar Tsauni, kun san motocin da ke ɗaukar rake da kayan lambu daga ƙasar Matamai zuwa Damagaram. Da yawa cikinsu suna da wani abu a jikin inji mai kama da katantanwa. Sunansa turbo. In mota ta kama gudu, shi ne kuke jin yana fito.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya fito da dabarar a 1905. Fanka biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin inji yana juya ta farko, ta biyu kuma tana tura iska cikin inji. In iska ta ƙaru, inji yana iya ƙona mai da yawa, sai ƙarfinsa ya ƙaru. Fankar tana juyawa fiye da sau 100.000 cikin minti ɗaya.

To, in iskar ta yi yawa fa? Fistan yana iya tsagewa, turbo ɗin ma ya fashe. Shi ya sa aka yi wata ƴar ƙofa kafin fanka. Kamar mai lambu ne: in fangali ya cika, sai ya karya ruwa wani gefe. Sifirin ne ke riƙe ƙofar a rufe. Wani siririn tiyo yana kawo iska daga inji, ta tura fatar roba, ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya wuce salansa bai taɓa fanka ba.

In ta lalace, waɗansu direbobi sukan ɗaure ta da waya. Mota ta yi ƙarfi kwana biyu, sa'an nan inji ya mutu. Kada ku yarda da wannan.

Ana iya ƙera ta? I, makanike mai haƙuri yana iyawa. Zai nemi tsohon bawul na hayaƙi, wanda ake ce ma supap, daga mataccen inji. Na hayaƙi fa, ba na shan iska ba: kansa ya fi ƙanƙanta, kuma shi aka yi don jure wuta. Zai haɗa da gidan da bawul ɗin ke zamewa ciki, da bututun ƙarfe mai kauri, da sifirin, da fatar roba. Irin waɗannan kaya ana samun su a garaji, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai walda mai kyau, wadda ba ta yoyo. Robar a sa ta nesa da zafi.

Kada a kai aikin wurin masu zubin tukunya. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, hayaƙin mota mai kaya kuwa yakan kai haka.

Kafin a ɗaura, a gwada da famfon keke da agogon awon iska. A motoci da yawa ƙofar tana fara buɗewa wajen bar 1 ko ƙasa da haka, wato kamar rabin iskar tayar ƙaramar mota. A fara da sifirin mai taushi. In ya yi taushi da yawa, ƙarfi kaɗai mota za ta rasa. Mai tauri ne ke kashe inji.

Amma a duba tiyon tukuna. Sau da yawa shi ne ya tsage, ƙofar kuwa lafiyarta lau.