Alƙalancin Wasan Besbol Na Yara: Kowace Doka Da Dalilinta

Wasan besbol ba ya cikin wasannin da suka yi ƙarfi a ƙasashenmu, domin in ka ce ƙwallo a nan, kowa ƙwallon ƙafa zai ɗauka kana nufi. Gidansa Amurka ne, sa'an nan Japan da Koriya ta Kudu da ƙasashe irin su Kuba da Benezuwela. Amma dai ya ɗan leƙo mu. An buga shi a Wasannin Afirka na 1999 a Johannesburg, inda Ghana ta kai 'yan wasa, aka sake buga shi a Abuja a 2003, kuma 'yan sa-kai na ƙasar Japan sun koya wa yaran makaranta shi a Ghana da Burkina Faso. Duk inda yara suka taru don wasa kuwa, mu malaman makaranta ake kira mu zo mu raba gardama. Shi ya sa na ga ya dace mu duba aikin alƙalin wannan wasa, musamman dokokin nan da ke rikita mutane har a can inda aka haifi wasan.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake a gurguje. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 9, ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Filin yana da kusurwa huɗu: gida, da zango na ɗaya, na biyu da na uku. Mai jifa yana tsakiya, yana jefa ƙwallo wajen mai kulki da ke tsaye a gida. Bayan mai kulki akwai mai cafewa a tsugune, bayansa kuma sai alƙali. In mai kulki ya buga, sai ya yar da kulki ya ruga zango na ɗaya, wanda duk ya zagaye zangunan ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. Masu tsaro kuma suna neman su fitar da mutum uku, sai a yi musanya. In kowace ƙungiya ta yi bugunta, turmi ɗaya ke nan. Manya suna yin turmi 9, yara 6.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe, don a kansu sauran maganar take. Na farko, mutum biyu ba sa zama a zango ɗaya, saboda haka in ƙwallon da aka buga ta taɓa ƙasa, mai kulki dole ya tafi zango na ɗaya, wanda ke can dole ya matsa gaba, haka har a kai inda babu kowa. Wannan shi ne gudun dole, kuma masu tsaro ba sai sun taɓa jikin mai gudun dole ba, da zarar ƙwallo ta riga shi isa zangon ya fita. Na biyu, in an cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, mai kulki ya fita, masu gudu kuma dole kowa ya koma ya taɓa zangon da ya baro.

Babbar ƙungiyar besbol ta yara a duniya ita ce Little League, wadda Carl Stotz ya kafa a 1939 a garin Williamsport na jihar Pensilbaniya. Tun 1947 take shirya gasar da ta zama gasar duniya ta yara, kuma alƙalan da ke hukunci a wannan gasa 'yan sa-kai ne, ba a biyansu. A filinta na 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, tazarar zango da zango ƙafa 60 ce maimakon 90 ta manya, daga mai jifa zuwa gida kuma ƙafa 46.

To, bari mu fara da dokar da ta fi kowace jawo hayaniya, wadda zan kira dokar ƙwallon sama. Ka ɗauka akwai yaro a zango na ɗaya da wani a na biyu, ko ma duk zangunan uku a cike suke, kuma ba a kai ga fitar da mutum biyu ba. Sai mai kulki ya buga ƙwallo ta yi sama tsaye, za ta sauko a cikin fili kusa da zanguna. Masu gudun nan sun shiga uku. In sun ruga, a cafe ƙwallo a jefa zangon da suka baro, a fitar da su. In sun tsaya, mai tsaro mai wayo ya ƙyale ƙwallo ta faɗi da gangan, nan take sun zama masu gudun dole, ya ɗauka ya jefa zango na uku, a jefa na biyu, mutum biyu sun fita a bugu ɗaya. Gaba kura, baya sayaki. Don toshe wannan dabara ce aka kafa dokar tun 1895: muddin ƙwallon irin wadda mai tsaron zanguna zai iya cafewa ba tare da wahala ba ce, alƙali zai ɗaga hannu sama ya yi shela tun ƙwallo tana sama cewa mai kulki ya fita, ko an cafe ko ba a cafe ba. Da fitarsa gudun dole ya ƙare, masu gudu na iya zama abinsu, in kuma sun ga dama su ruga a kan kasadarsu.

Wanda ya gane dalilin ba sai ya haddace sharuɗɗan ba, da kansa zai iya fito da su. Me ya sa dokar ba ta aiki in mutum ɗaya ne kaɗai a zango na ɗaya? Domin ko an ƙyale ƙwallo ta faɗi, mai kulki ya riga ya isa zangonsa, mutum ɗaya kawai za a samu. Me ya sa ba ta aiki in an riga an fitar da biyu? Domin cafewar kaɗai ta isa ta ƙare musu bugu, ba wanda zai yar da gangan. Haka nan ba ta shafi ƙwallon da ta tafi a miƙe kamar kibiya ba, don wannan tana da tata dokar daban.

Inda gizo ke saƙa shi ne wannan magana ta “ba tare da wahala ba”. Ma'aunin shi ne abin da matsakaicin ɗan wasa na wannan rukunin zai iya, tare da la'akari da iska da yanayin fili. Abin da ƙwararre zai cafe yana hamma, yaro ɗan shekara 9 sai ya yi ta kewaya a ƙarƙashinsa har ya faɗo masa a baya. A ganina alƙalin yara ya dakata har ƙwallo ta kai ƙarshen hawanta, ya dubi yaron, ba ƙwallon kaɗai ba: in ya tsaya daram a ƙarƙashinta yana jira, a yi shela, in yana gudu da baya yana tangaɗi, a yi shiru. Kuma ya tuna su wa dokar take karewa. Masu gudu take karewa, ba kyautar fitar da mutum take ba masu tsaro ba.

Manya ma ba su tsira ba. Ran 5 ga Oktoba 2012, a wasan neman shiga zagayen ƙarshe tsakanin Atlanta Braves da St. Louis Cardinals, alƙali Sam Holbrook ya yi wannan shela a kan ƙwallon da ta faɗi can da nisa a bayan zanguna, tsakanin masu tsaro biyu. 'Yan kallon Atlanta suka yi ta jifa da gwangwani da robobi, aka tsai da wasa minti 19. Atlanta ta ɗaukaka ƙara, aka kori ƙarar, ta sha kashi da ci 6 da 3.

Doka ta biyu 'yar uwar ta farko ce. Jifar da ta bi ta inda ya kamata amma mai kulki bai kai mata bugu ba, ko wadda ya kai wa bugu ya saɓa, ita ake kira sitiraik, kuma uku suke fitar da mutum. Sai dai ta ukun dole mai cafewa ya riƙe ta kafin ta taɓa ƙasa. In ta kuɓuce masa, mai kulki yana da damar ya ruga zango na ɗaya. Haka ta faru a gasar ƙarshe ta 1941, sa'ad da ƙwallo ta kuɓuce wa Mickey Owen na Brooklyn Dodgers saura mutum ɗaya su ci wasa da 4 da 3, New York Yankees suka juya ta 7 da 4. Amma in akwai mutum a zango na ɗaya kuma ba a fitar da biyu ba, babu wannan dama, mai kulki ya fita kurum. Dalilin dai ɗaya ne: kada mai cafewa ya yar da gangan ya haddasa gudun dole. A ƙaramin rukunin Little League ma ba a amfani da dokar sam, sitiraik uku yaro ya fita, saboda a wannan shekarun kuɓucewar ta fi cafewar yawa. Saboda haka tun kafin a fara, alƙali ya tabbatar da dokar wane rukuni ake bi, ya faɗa wa masu horar da ƙungiyoyin biyu a gaban juna.

Sai batun karo. Yara biyu sun yi kiciɓis, duka sun faɗi, wa ke da laifi? Ƙa'idar a nan ita ce a tambayi wa ke da hanya. In mai tsaro yana ƙoƙarin ɗaukar ƙwallon da aka bugo, hanya tasa ce, mai gudu ya kauce masa, in ya bangaje shi ya yi katsalandan, ya fita. In kuwa mai tsaro ba ya riƙe da ƙwallo, ba kuma ɗaukar ta yake ba, hanya ta mai gudu ce, in ya tsaya masa a gaba ya tare hanya, sai alƙali ya ba mai gudu zangon da zai kai da ba a tare shi ba. Niyya ba ta shiga ciki. A gasar ƙarshe ta 2013, Will Middlebrooks na Boston yana kwance a ƙasa bayan ya yi tsalle ƙwallo ta wuce shi, Allen Craig ya yi tuntuɓe da ƙafarsa, alƙali Jim Joyce ya ce an tare hanya, da wannan hukunci wasan ya ƙare 5 da 4. A wasan yara kuwa, mai tare hanya galibi shi ne mai tsaron zango na ɗaya da ya tsaya a kan zangon, baki buɗe, yana kallon ƙwallo can a ƙarshen fili. Ba mugunta ba ce, amma hukuncin na nan, sai dai a yi shi da murya mai sanyi a gaya wa yaron inda ya kamata ya tsaya.

Akwai kuma dokokin da 'yan kallo suka ƙirƙira wa kansu, babu su a littafi. Wai hannu ɓangaren kulki ne. Ba haka ba ne, in jifa ta sami yaro a hannu alhali bai kai bugu ba, ƙwallon kuma ba a layin sitiraik take ba, zango na ɗaya zai tafi. Wai dole mai gudu ya zame da ƙafa duk lokacin da zai shiga gida. Abin da Little League ta ce shi ne, in mai tsaro yana riƙe da ƙwallo yana jiransa, ko ya zame ko ya yi ƙoƙarin kewaye shi, kada dai ya afka masa.

Dokar da na fi ba muhimmanci ita ce wadda ba ta jawo ihu. Tun 2007 Little League ta ƙayyade yawan jifar da yaro zai yi a rana: ɗan shekara 9 zuwa 10, jifa 75, ɗan 11 zuwa 12, jifa 85. Wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana 4 kafin ya sake jifa. In adadin ya cika a tsakiyar bugun wani, ana barinsa ya ƙarasa da wannan mai kulkin kaɗai. Dalili kuwa ƙashin gwiwar hannu da na kafaɗar yaro bai gama ƙosawa ba, yawan jifa na iya yi masa illar da za ta daɗe. Mai horarwa da ya ga nasara a gabansa zai so a ƙara masa ko da jifa biyar, yaron da kansa zai ce bai gaji ba. Mu da muke da su a aji mun san ba yaron da ke cewa ya gaji in abokansa na kallo.

Abu na ƙarshe da ya kamata alƙali ya bambance shi ne hukuncin ido da hukuncin doka. Cewa mai gudu ya riga ƙwallo ko ƙwallo ta riga shi, wannan ido ne, ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kuma abin da ya sa aka kori ƙarar Atlanta ke nan. Amma in alƙali ya fassara doka ba daidai ba, Little League ta ba mai horarwa damar ya yi ƙorafi kafin a sake jifa, a tsaya a duba littafi. Alƙalin da ya ɗauki buɗe littafi a matsayin raini bai fahimci aikinsa ba.

Sanannen misali shi ne na 24 ga Yuli 1983. George Brett na Kansas City Royals ya buga ƙwallo ta tsallake katanga a turmi na 9, ƙungiyarsa ta shiga gaban Yankees da 5 da 4. Yankees suka ce ƙaron itacen da ya shafa a kulkinsa don riƙo ya wuce inci 18 da doka ta yarda. Alƙali Tim McClelland ya auna, ya ga ya wuce, ya soke cin, ya ce Brett ya fita. Da ƙara ta je gaban shugaban gasar, Lee MacPhail, sai ya duba abin da ya sa aka yi dokar: don kada ƙaro ya riƙa ɓata ƙwallaye ne, ba ya ƙara wa bugu nisa, hukuncinsa kuma a cire kulkin daga wasa ne kawai. Ya mayar da cin. Ran 18 ga Agusta aka dawo aka ƙarasa abin da ya rage cikin minti 12, a gaban 'yan kallo kimanin 1,200, Royals suka tashi da 5 da 4 ɗinsu.