Ciwon Sukari Da Ƙafar Uwargida

Yau maganarmu a kan ciwon sukari ce, irin wanda likitoci ke kira kashi na biyu. Ya fi kama mace in ta ba shekara 40 baya, musamman mai jiki, ko wadda iyayenta suka yi shi, ko wadda sukarinta ya taɓa hawa tana da ciki. Cikin jikin mutum akwai wani ruwa mai suna insulin, shi ke shigar da sukari cikin tsoka. In jiki ya daina jin insulin sosai, sai sukarin ya taru cikin jini.

Ɓarnarsa kuwa irin ta gara ce cikin azara, ba a ankara sai ɗaki ya rufta. A hankali yake cin ƙananan hanyoyin jini na ido da na ƙoda, ya toshe manya na zuciya da na ƙwaƙwalwa, har ya kai ga makanta ko shanyewar ɓarin jiki. Mata kuma ya kan dame su da ƙaiƙayin gaba da zafin fitsari, a yi magani su komo.

To, amma uwargida, ki fi lura da ƙafarki. Ciwon nan yana kashe jijiyoyin da ke sa ki ji zafi. Sai ki taka garwashi gindin murhu, ko ƙaya a tsakar gida, ba ki sani ba. Jini kuwa ba ya isa wurin sosai, saboda haka ɗan ciwo sai ya zama gyambo, gyambo ya ruɓe, har likita ya rasa dabara sai yanke ƙafa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka kada ki yi yawo ba takalmi, ko da daga ɗaki zuwa madafa ne. Kullum ki wanke ƙafa, ki tsane tsakanin yatsu, ki shafa mai a kan kaushi. Kada ki kankare shi da reza. Ruwan wanka ki gwada zafinsa da gwiwar hannu. In kin ga ƙuna ko tsaguwa ko kumburi, ki tafi asibiti ran nan, kada ki tsaya shafe-shafe.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Kowace yamma ku duba tafin ƙafar inna ko kaka, gama idonku ya fi nasu.

Wadda ke yawan fitsari da dare, da ƙishirwa, da rama, da gani dishi-dishi, ta je a auna jininta. Wadda aka riga aka gaya mata kuwa ta riƙe maganinta, ta rage zaƙi da malmalar tuwo, ta yawaita ganye da wake da tafiyar ƙasa, a duba mata ido da ƙoda sau ɗaya a shekara.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.