Saƙo ya maƙale a WhatsApp? Duba saitin batirin wayarki

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, har ƙauyukan Bakori da Ƙafur, wadda ta samu caji tana lallaɓa shi ne kamar man girki, don ba a san ranar dawowar wuta ba. Shi ya sa mata da dama ke barin waya kan yanayin tattalin batir dare da rana. Dabara ce mai kyau, amma tana da farashi.

Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, waya kan yi barci idan aka ajiye ta ba a caji, ta rage wa manhajoji intanet. Kunna tattalin batir yana ƙara matse su. Sai ki ga data a kunne, sabis cike, amma saƙon makarantar yara ko na maigida da ke gona bai shigo ba sai kin buɗe WhatsApp, sannan su zubo a tare. Wanda ya turo kuwa maki ɗaya yake gani, alamar saƙon bai iso wayarki ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Sa wayar a caji, ki ce wani ya turo miki saƙo. In ya shigo nan take, amma yana makara idan ba ta caji, laifin saitin ne, ba na layi ba.

Gyaran kuma ba sai an je wurin mai gyara ba. Danne alamar WhatsApp, shiga App info, sannan Battery, ki zaɓi Unrestricted, ko Don't optimize a tsofaffin wayoyi. Duba Data Saver ma, ki ba WhatsApp izini. Sunayen kan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel da Samsung. Manhajar da kike buƙata kaɗai za ki sake, ki bar sauran a ɗaure, ki rage hasken fuskar waya, don shi ne babban mai shan caji.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga roƙona: naƙuda, zubar jini ga mai ciki, ko yaro mai jijjiga ba lamarin saƙon murya ba ne. Kira kai tsaye ta layi, domin kira yana shiga ko da waya na tattalin batir. Ki ajiye lambar mai mota da ta ungozoma, ki bar ɗan kati a waya, kuma a kama hanyar asibiti ba tare da jiran amsa ba.